Zali da Hancin Gidan Jika

A Tama in aka ce Zali, ba a ƙara komai. Ita ce ungozomar unguwar gabas tun kafin a sami mulkin kai, kuma rabin masu noman albasa a fadamar garin ita ta yanke musu cibi. Gajeriya ce ƙaƙƙarfa, mai saurin tafiya da saurin fushi. Ba ta iya raɗa ba. In ta ce za ta gaya maka magana a asirce, to maƙwabta ma sun ji.

Aikinta ba ya ƙarewa da yanke cibi da binne mabiyiya. Safe da yamma takan koma ta yi wa jariri wanka, ta gasa cibi, ta murza kai ya daidaita, sannan ta zo kan abin da matan gida suka fi zuba wa ido, wato hanci. Takan tsoma tsumma a ruwan ɗumi ta dafa a fuskar jinjiri, ta lakato man shanu, ta kama karan hancin da yatsu biyu tana ja sama, yaro na tsala ihu, tsofaffi na kewaye suna cewa, "Ƙara ja, Zali, kar shi kwanta." Mu mutanen Adar haka muke. A haifi yaro lafiyayye, da ido da kunne da ƙafafu, maimakon a gode wa Allah sai a tsaya awon hanci kamar za a kai shi kasuwa. Zali tana ja saboda an sa ta, amma ba ta taɓa ɓoye ra'ayinta ba.

"Ja nika yi don ranku shi yi sanyi," in ji ta. "Hanci jini shika bi, ba hannuna ba."

Wa zai fi ta sani? Ita ta auri Ɗanlami mai haƙar rijiya, ɗan gidan Jika. Jika wani tsoho ne da ya daɗe da rasuwa, bai bar wa zuriyarsa shanu ko sarauta ba, sai hanci. Faffaɗa ne, shimfiɗaɗɗe, ƙofofinsa a buɗe, kuma ba ya tsallake kowa, mace ko namiji. Daga Tama har Buza an san shi. Masu barkwanci sukan ce in ɗan gidan Jika ya yi atishawa a masussuka ba sai an yi shiƙa ba. Marasa kunya kuwa sukan rage murya su ce hancin bayi ne. Ɗanlami bai taɓa damuwa ba. Dariya yake yi ya ce, "Da shi nika shan iska ƙasan rijiya. Ku masu tsinin hanci ku shiga mu gani."

Zali ta haifi bakwai, ƙasa ta karɓe shida tun suna ƙanana. Lurwanu kaɗai ya tsaya, kuma ya kwaso fuskar ubansa kaf. Sai dai bai kwaso haƙurinsa ba. Tun yana yaro yake dawowa gida da riga a yage saboda faɗa kan hanci. Da ya zama saurayi wata yarinya ta saka shi a waƙa a dandali, ƴan mata suka amshe, aka yi damina guda ana rera ta a gonaki. Daga nan ya daina zuwa dandali, ya koma yawo da rawani a naɗe har ƙasan ido kamar Buzu.

A shekarar yunwa ta saba'in da uku, ruwa ya yi nisa, aka riƙa kiran Ɗanlami ƙara zurfin tsofaffin rijiyoyi. Ɗaya daga cikinsu ta rufta da shi. Zali ta yi takaba, ta koma aikinta, ba ta ƙara aure ba. Mutumin nan ta so shi, so na gaske, ko da yake ba ta taɓa faɗa masa ba. Abin da ya riƙe ta shi ne in Lurwanu ya sunkuya yana shan fura, sai ta ga ubansa zaune. Ba ta daɗe tana samun wannan ba, don yaron ya bi sawun samarin Adar ya tafi Abijan. Ya fara da aparanti, wato yaron mota, har ya iya tuƙi. Shekaru suka wuce, sai dai saƙon gaisuwa da turmin atamfa a hannun masu dawowa.

Wata rana da hantsi tana surfe a tsakar gida, wani dogon mutum ya yi sallama ya shigo da akwati. Ta ja zane ta rufe kai.

"Bawan Allah, mai gidan ya rasu. Wa kaka nema?"

"Inna, ni na."

Taɓarya ta kuɓuce mata. Muryar ta Lurwanu ce, ko da yake ta ɗan shaƙe kamar ta mai mura. Ido nasa ne, kunne nasa ne, goshi nasa ne. Amma a tsakiyar fuskar wani siririn hanci ne a tsaye, mai tsini, da ɗan tabo a gindinsa. Ta zagaya shi ta duba ta dama, ta duba ta hagu, ta ce ya zauna ya yi mata bayani tun ba ta tara masa jama'a ba.

Ya ce babbar motarsu ce ta kife da katako a hanyar tashar jirgin ruwa, fuskarsa ta daki ƙarfe, hancin ya farfashe. Mai motar ya kai shi wurin wani likita da ya iya gyaran fuska. Likitan ya ce zai yanko guringuntsi daga haƙarƙarinsa ya gina masa wani, amma a kawo hoto ya ga yadda na da yake.

"To, sai ka kai hoton," in ji Zali.

"Hoto guda gare ni, Inna. Ni da abokina Amadu, wani Bafillace mai saida kafe da burodi. Likita yac ce wane na kai cikin biyun ga, don huskata duk ta kumbura." Ya sunkuyar da kai. "Sai niɗ ɗora yatsa bisa Amadu."

Ranar har masu ɗibar ruwa a bakin rijiya sun ji muryar Zali.

"Da hatsari yac cinye shi, sai in ce ƙaddara ta, in yi kukana in share hawaye. Amma tambayarka anka yi! Ubanka rijiya tar ruhe shi, ko gawatai ban gani ba da kyau. Wuri guda yar rage inda nika ganinai, shi na kaz zubar cikin shara Abijan, kak kwaso hancin mai kafe ka kawo mani. Mi zan yi da shi?"

Tama ma ba ta raga masa ba. Mutanen da suka yi shekara da shekaru suna yi masa dariyar faffaɗan hanci su ne suka koma dariyar siriri, ko kunya babu. In ya wuce sai a ce, "Bafillacen Zali, ina ka baro shanu?" Wasu suka laƙaba masa Hancin Aro. Ɗan Adam ba a iya masa, kuma da za a raba laifin nan da gaskiya, garin yana da kaso mai tsoka. Lurwanu bai cika mako ba ya ɗauki akwatinsa. Ya rantse ba zai ƙara zama inda aka san tsohuwar fuskarsa ba.

Da aka buɗe furoje, wato babban aikin gyaran ƙasa, a Keita a tamanin da huɗu, ya sami aikin tuƙa babbar mota. Can ba wanda ya san Jika, ba wanda ya san waƙar dandali. Kyakkyawan direba ne mai albashi, shi ke nan. Bai daɗe ba ya nemi auren Mariyama, ɗiyar wani makiyayi mai suna Hamma, wanda fari ya cinye yawancin shanunsa ya zauna kusa da gari yana noma da ɗan abin da ya rage. Labarin auren ma a bakin wani falken albasa Zali ta ji. Wai Lurwanu ya gaya wa surukansa shi maraya ne, ba shi da kowa sai wata tsohuwar uwa da ba ta iya tafiya. Zali da ke taka ƙauye uku a yini! Mai gadin gareji ya tsaya masa waliyyi, alhali ƙanen ubansa, Alhassan, yana nan Tama da ransa da lafiyarsa. Ta haɗiye wannan ma, amma ya tsaya mata a wuya.

Bayan shekara guda, wata rana da tsakar rana lokacin da kowa ke lambu, sai ga Lurwanu da rawani har ido. Ya bar motar a bayan gari.

"Inna, an haihu. Namiji na. Ki taho ki ja mashi hanci kahin ranas suna."

Ba barka, ba fara'a, fuskarsa kamar wanda aka aiko da saƙon mutuwa. Zali ta ɗauki tsummanta da ɗan kwanon man shanu ta bi shi.

Haihuwar fari ce, don haka Mariyama tana gidan iyayenta. Tun daga bakin zana Zali ta san ba lafiya. Gidan haihuwa ne amma ba guɗa, ba hayaniya, mata na zaune jugum suna satar kallon juna. Mai jego na kwance ta juya wa ƙofa baya. Aka miƙo jinjirin, Zali ta buɗe zane. Ɗanlami ne sak. Hancin Jika ne a shimfiɗe kan ƴar fuskar nan kamar an dangwala shi da babban yatsa. Hawaye ya zubo mata, ta buɗe baki za ta rangaɗa guɗa, sai wata doguwar tsohuwa ta dafa mata hannu. Gwaggo ce, yayar Hamma, wadda ke riƙe da gidan.

"Ke ma kin gani ko, uwar miji? Kuka ya kama ki. Ga namu hanci, kowa ya san shi. Ga na ɗanki, ko cikin Fulɓe shi shiga ba a tsintar shi. To wanga na wa na?"

A hankali Zali ta gane abin da ake ciki. Lurwanu yakan yi makonni a hanya yana ɗauko siminti. A gidan da suke haya a Keita akwai wani magini mai faffaɗan hanci a ɗakin da ke kusa. Matan barka sun haɗa wannan da wancan, magana ta fita har kasuwa. Mariyama ta rantse sau ɗaya ba wanda ya saurare ta, ga kunyar ɗan fari da ta hana ta ko kallon yaron a gaban mutane, balle ta tsaya gardama. Hamma kuwa tun ranar bai leƙo cikin gida ba, ya ce shi ba shi da ɗiya.

Zali ta fita da sauri ta tarar da Lurwanu a bayan turken shanu.

"Kai, ka san abin da aka hwaɗi bisa yarinyag ga?"

"Na sani."

"Mi kac ce musu?"

"Ban ce komi ba. Na ce Allah na masani. Kuma na ce zan yanka rago, in amshi yaro, in ruhe mata asiri. Kowa na shi mani albarka, Inna. Liman ma ya ce irina ba su da yawa. Ke dai ki ja hancin, in ya tashi kaɗan magana ta mutu."

"Asirin wa za ka ruhewa?"

Ya kau da kai.

"Tambayarka nika yi. Asirin wa? Ita mi ta yi? Kana kallon ubanka kwance cikin zane, kana barin a kira shi shege, don kar a san hancinka na haƙarƙari na! Har kai aka shi ma albarka!"

"Inna, rage murya. In sunka sani, na ƙare garin ga. Nan ɗai na anka ɗauke ni mutum."

Wannan maganar ta taɓa ta, don gaskiya ce, kuma ɗanta ne. Amma yaron da aka haifa fa? Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san tabon da kalmar shege ke bari. Rago ba ya wanke ta. Za ta bi shi wurin wasa, ta bi shi makaranta, ranar da ya je neman aure ta riga shi isa. Uwarsa kuwa za ta ƙare rayuwarta kai a sunkuye, tana yi wa maƙaryaci godiya.

Zali ta koma cikin mata ta zayyana musu komai, da kifewar mota, da likita, da hoton mai kafe. Suka saurara har ta gama. Gwaggo ta girgiza kai cikin tausayi.

"Allah sarki, baiwar Allah. Kina son ki ruhe muna asiri, mun gode. Amma hanci da haƙarƙari? Ko yara ba a yi ma wagga tatsuniya."

Aka kira Lurwanu bakin zana aka tambaye shi. Ya tsaya hannu a aljihu, ya dubi uwar da ta haife shi, ya ce, "Ku yi haƙuri da ita. Inna ta tsuhwa, wani lokaci magana na kuɓuce mata."

Zali ta juya wa ɗanta baya. Ta ajiye kwanon man shanu ba ta taɓa hancin jaririn ba. Ta sunkuya kan Mariyama ta ce, "Ɗiyata, ki ci abinci, ki ba shi nono. Ina dawowa." Ta fita titi ta tsayar da motar kasuwa.

A hanya ta auna abin da za ta yi, ta kuma san farashinsa. Lurwanu ba zai yafe ba. Shi kaɗai gare ta, shi zai sa ta a rami in ta mutu. Ta yi ta neman wata hanya har suka wuce Buza ba ta samu ba. Maganarta an mayar da ita ruɗin tsufa, to sai a kawo abin da ba a iya ƙaryatawa.

Ta sami Alhassan a lambu yana ban ruwa.

"Matar yaya, lahiya kika tahe awa an koro ki?"

"An yi maka jika Keita. Ranas suna nika son gidan Jika duka, maza da mata, har masu rarrahe."

"Mu da ba a gayyata ba wurin aure?"

"Ni ag gayyatarku. Ku dai ku wanke huska da kyau, ita aka bukata."

Da ta ba shi labari, Alhassan ya jefar da guga. Kafin magariba magana ta zaga dangi. Wani ɗan gidan mai suna Hamani, da ke jigilar albasa zuwa Madawa, ya ce motarsa na nan. Tsofaffin da suka yi shekaru ba su fita Tama ba suka ciro rigunan Salla. Wata mai tsohon ciki ta ce ko a hanya za ta haihu sai ta je, ai ungozoma na cikin motar.

Safiyar suna maza suka taru a ƙofar gidan Hamma kan tabarmi. Taro ne marar armashi. Rago na ɗaure, goro na cikin faifai, liman na zaune, Hamma na gefe ya rufe fuska da rawani. Lurwanu ya sha farar shadda, masu zuwa na miƙa masa hannu biyu suna cewa Allah ya saka masa, ya yi halin manya. Shi kuma yana sunkuyar da kai yana amsawa, wai shi mai haƙuri.

Sai ga motar albasa ta tsaya. Aka sauke marfin baya, gidan Jika ya fara sauka. Tsoho ya sauko da sanda, hanci a shimfiɗe. Na bayansa haka. Mata da goyo, su da goyon duk haka. Samari, ƴan mata, yara masu majina, kowa da nasa, kamar a tukunya ɗaya aka dafa su. Suka jeru suna sallama ɗaya bayan ɗaya, masu zaune na amsawa suna bin fuskokin da kallo. Tun ana amsa sallama da ƙarfi har murya ta fara ƙanƙancewa. Alhassan ya ratsa taro ya zauna cinya da cinya da Lurwanu.

"Ɗana, barka. Ashe an samu ƙaruwa. Allah shi raya muna."

Lurwanu ya zama kamar an dasa shi. Gumi ya keto masa ta cikin shadda.

Matan kuwa suka bi Zali cikin gida suna guɗa, guɗar da gidan bai ji ba tun da aka haihu. Zali ta ɗauki jinjirin ta tsaya a tsakiyarsu, ta ɗaga shi daidai fuskokinsu, ta juya wajen Gwaggo.

"Kin tambaye ni wanga na wa na. To zaɓi."

Gwaggo ta dubi yaron, ta dubi matan, ta sake duban yaron. Ta kama baki, ta zauna a kan turmi tana salati.

A waje Hamma ya sauke rawani daga fuska ya ce, "Jama'a, waɗanga bayin Allah su wa na?"

Mace ba ta magana a taron maza ranar suna, amma zana ba ta tare murya, balle muryar Zali.

"Dangin uban surukinka na, Malam Hamma! Wanda ka zaune kusa da shi ƙanen ubanai na, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni kau ni at tsohuwad da ba ta iya tahiya, wadda magana ka kuɓuce ma. Ku ce shi ɗaga riga ku ga inda anka yanki haƙarƙari. Ɗiyarka ba ta yi komi ba. Zanen aro na bai ruhe katara ba!"

Ba wanda ya ce a ɗaga riga. Yadda Lurwanu ya kai hannu ya dafe gefen ƙirjinsa ya isa. Wani ya fara dariya, liman ya harare shi ya haɗiye ta.

Hamma ya miƙe a hankali. Dogo ne siriri, mai magana ƙasa-ƙasa. Ya tsaya a kan surukinsa.

"Hanci ba komi na ba, yaro. Da ka zo mani da na ubanka, da na ba ka ita, don ba hanci za ta ci ba. Amma ka san gaskiya. Kana zaune nic ce ba ni da ɗiya, kana ji, kab bar ni."

Ya juya ya shiga cikin gida, abin da bai yi ba tun ranar haihuwa. Mata suka dare. Ya tsaya a ƙofar ɗakin Mariyama ya yi mata magana da Fulatanci, ƴan kalmomi kaɗan. Daga ciki aka ji kukan da ta yi kwanaki tana dannewa ya ɓalle.

An yanka rago, an raɗa wa yaro suna, liman ya ambaci sunan ubansa da ƙarfi yadda na nesa zai ji. Gidan Jika suka ci tuwo suka sha nono, suka cika gidan da surutu. Da aka zo maganar ranar da mai jego za ta koma ɗakinta bayan wanka, Mariyama ta yi magana sau ɗaya, idonta a ƙasa.

"Gwaggo, ku ce mashi ɗanai na, ko yaushe shi zo shi gane shi. Amma ni na gama zama da shi."

Ba wanda ya yi ƙoƙarin lallashinta, Zali ma ba ta yi ba.

Da la'asar ana shirin komawa, Lurwanu ya tare uwarsa a bayan mota. Idonsa ya yi ja.

"Kin ji daɗi, Inna? Kin kashe mani aure, kin kashe ni garin ga. Gobe kowa Hancin Aro za shi ce mani."

"Kwana nawa za su yi suna hwaɗi? Jinjirin kau da har kabari za a bi shi da nashi suna."

"To daga yau ki ɗauka ba ki da ɗa."

Maganar ta shige ta har ƙashi, amma ba ta bari ya gani ba.

"Kai ka iya zubad da uba, ka iya zubad da uwa. Shi dai wancan yana da uba, ko ka so ko ka ƙi, kuma duniya ta shaida."

Ta kama ƙarfe ta hau da kanta, ta ƙi hannun da Hamani ya miƙo mata. Ta zauna kan buhu ta ja zane ta rufe fuska. Motar da ta zo da waƙa da shewa ta koma shiru har Tama, don kowa na jin kukanta.

Lurwanu bai cika wata ba ya bar aikin. Wasu sun ce ya koma Abijan, wasu sun ce Libiya ya nufa. Ba saƙo, ba atamfa, ba gaisuwa. Zali ta ci gaba da yanke cibi har ƙarfinta ya fara ƙarewa. In motar ƴan ci-rani ta tsaya a tasha takan sami dalilin wucewa ta wurin, ta ce kasuwa za ta, alhali ba ranar kasuwa ba ce. Bayan kowace kaka Mariyama takan kawo yaron Tama ya yi kwanaki, da ƙwaryar man shanu daga Gwaggo.

Wata rana matan unguwa na zaune suna tsinkar zogale, wata ta yi ƙarfin hali ta tambaye ta ko ta yi nadama. Ai da ta yi shiru, da ɗanta na nan, da auren na nan, da yanzu tana Keita ana dama mata fura.

Zali ta ɗago ta yi mata kallon da ya sa ta matsa baya.

"Na yi nadama guda. Motar Hamani ƙarama ta. Akwai sauran gidan Jika can ƙauyen Sabon Gida, da na kwaso har su."

Matan suka fashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta tattara zogalenta ta shige ɗaki da rana tsaka ta saki asabari, ba ta fito ba sai da aka zo kiranta wata na naƙuda.